Fir'auna: Sunan Gida Kafin Ya Zama Sunan Azzalumi

A Tudun Wadan Zariya, idan mai gidan haya ya tsawwala kuɗi ana tsakiyar damina, ko maigida ya danne haƙƙin yaran shagonsa, hukuncin unguwa ɗaya ne: wannan ai fir'aunanci ne. Ɗalibin makarantar allo ma ya san mai sunan, domin sau 74 Alƙur'ani ya ambace shi. Da yawa sun ɗauka sunan yanka ne na sarkin da ya yi jayayya da Annabi Musa (AS).

Ba haka abin yake ba. A harshen Misirawan dauri kalmar ita ce "per-aa": "per" gida, "aa" babba. Da zanen gida da na ginshiƙi suke rubuta ta, kuma ɗaruruwan shekaru fadar sarki kawai take nufi, ba mutumin da ke cikinta ba. Sai a zamanin daula ta 18, wadda ta fito da su Tutmos na Uku da Akenaton, fiye da shekara 1,300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka fara kiran sarkin kansa da ita.

Wannan ba zai ba Bazazzagi mamaki ba. Wanda ya bi ta Ƙofar Doka ya shiga birni zai ji ana cewa "fada ta ce", alhali bango ba ya magana. Girmamawa ce ke hana a kama sunan sarki, sai a ambaci gidansa. Misirawa ma hanyar da suka bi ke nan.

Daga nan kalmar ta shiga Ibrananci da Girkanci, Larabawa suka ce Fir'aun, malamai suka kawo mana ita, harshenmu ya ƙara mata wasali a ƙarshe. Asalinta kuwa ya daɗe a rufe, sai bayan Bafaranshe Champollion ya warware rubutun Misirawa a 1822, da taimakon dutsen Rashid da aka tsinta a 1799.

Akwai abin da masu tafsirin azumi kan ja hankali a kai. Suratu Yusuf ba ta kira mai mulkin Masar Fir'auna ba ko sau ɗaya. "Malik" ta ce, wato sarki. A ƙissar Annabi Musa ce laƙabin ya bayyana.