Manomi Mai Naƙasa a Matankari: Ina Jami'o'inmu?

A Matankari, tsohuwar cibiyar sarautar Arewa da ke yankin Dogon Dutsi, ruwan shuka ba ya jiran kowa. Da ya sauka, kowa sai ya saɓi sungumi ya nufi gona kafin ƙasa ta bushe. Amma akwai magidancin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ko haɗarin babur ya raba shi da ƙafa, ko yanar ido ta rufe masa gani. Ya san jigawar da ke son gero, ya san inda wake ke yi, sai dai jiki ya ƙi.

Daga nan wata cuta ke shiga gida. Mutumin da ya saba cika rumbu da guminsa, yau sai an ba shi. Ga bashi, ga rashin barci, ga shi an daina shawara da shi. Abu kaɗan sai tsawa, uwargida da yara ne ke shan zafin.

A Amurka, jami'o'i sun ɗauki waɗannan matsaloli a matsayin aikinsu. Dokar noma ta 1990 ta kafa shirin AgrAbility, inda masana ke zuwa har gona su duba yadda mai naƙasa ke aiki, su gyara masa kayan aikin, misali na'urar da ke ɗaga shi zuwa kan tarakta. Jami'ar Jihar Michigan kuma tana koya wa iyaye gane alamun fushi tun yana tasowa, da dakatawa, da sauraro kafin martani.

Mu ba tarakta muke nema ba. A nan kwarin Dallol Mauri ruwa na kusa, lambun rani yana ci. Famfo mai aiki da hasken rana zai hutar da wanda ba ya iya jan guga. Maƙerin gari zai iya daidaita ƙotar fartanya ga mai hannu ɗaya, kafinta ya rage tsayin amalanke don gurgu ya hau da kansa. Turkar rago ma sana'a ce da ake yi daga tsakar gida.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008. An kafa Jami'ar Dosso a 2014, jami'o'in Yamai da Maradi kuwa suna da tsangayoyin aikin gona. Ya kamata a riƙa tura ɗalibai masu koyon aiki ƙauyukan Matankari da Tibiri, su zauna da maƙera da shugabannin masu naƙasa. Batun fushi kuma a haɗa kai da limamai da ƙungiyoyin mata, domin su ne ke jin kukan gidaje tun kafin magana ta kai fada. Wanda ya koma gona da mutuncinsa, iyalinsa ne za su fara samun sauƙi.