Haɗin gwiwar masu manhaja da masu zane wajen ƙirƙirar wasannin bidiyo na sha'awa

Haɗin gwiwar masu manhaja da masu zane hanya ce ta ƙirƙirar wasan bidiyo inda mutum biyu ko fiye, waɗanda ba kamfani ne ya ɗauke su aiki ba, suke raba aikin a tsakaninsu. Ɗaya yana rubuta umarnin da kwamfuta ko waya za ta bi, ɗayan yana zana mutane, dabbobi, gine-gine da duk abin da ido zai gani a fuskar na'urar. Sau da yawa akwai na uku mai haɗa kiɗa da sauti. Ana kiran irin waɗannan wasanni na sha'awa saboda masu yin su suna yi ne a lokacin hutunsu, bayan makaranta ko aiki, ba tare da albashi ba. Dalilin haɗuwar shi ne da wuya a sami mutum ɗaya da ya ƙware a rubuta manhaja da zane da kiɗa gaba ɗaya. Da yake babu albashi, babu kuma shugaban da zai tilasta wa kowa, ɗorewar aikin ta dogara ne ga abu uku: ƙanƙantar wasan da aka sa a gaba, rabon aiki a fili, da yarjejeniya kan wanda ya mallaki me.

Tarihi

A farkon tarihin wasannin bidiyo, injiniya ne ke yin kusan komai. Wasan Pong, wanda kamfanin Atari na Amurka ya fitar a 1972, layuka biyu ne da ɗigo guda, don haka bai buƙaci mai zane ba. Da na'urori suka fara iya nuna launuka da siffofi, sai zane ya zama sana'a mai zaman kanta a cikin aikin. A Japan, Shigeru Miyamoto, wanda ya karanci zayyanar kayan masana'antu, shi ya tsara wasan Donkey Kong na 1981, wasu kuma suka rubuta manhajarsa. A wasan Doom na 1993, John Carmack da John Romero suna cikin masu rubuta manhaja, Adrian Carmack da Kevin Cloud kuma su ne masu zane.

Yaɗuwar intanet ta kawo wannan tsari ga masu yi don sha'awa. A 2002, Tom Fulp, mai shafin Newgrounds, ya haɗu da mai zane Dan Paladin suka yi Alien Hominid, ƙaramin wasa da ake bugawa a shafin intanet, wanda daga baya ya kai su ga kafa kamfani. Haka Edmund McMillen mai zane da Tommy Refenes mai manhaja suka fitar da Super Meat Boy a 2010. Akwai waɗanda suka yi komai su kaɗai, amma sun biya da lokaci: Daisuke Amaya ya shafe shekara biyar kafin ya kammala Cave Story a 2004, Eric Barone kuma ya yi sama da shekara huɗu a kan Stardew Valley da ya fito a 2016.

Rabon aiki

Mai manhaja shi ne ke da alhakin ƙa'idojin wasan: abin da zai faru idan an danna maɓalli, yadda ake ƙirga maki, da lokacin da ɗan wasa ya ci ko ya faɗi. Mai zane yana samar da siffofin 'yan wasa, filin da wasan ke gudana, alamomin maɓallai da hoton bango. Idan wasan yana da motsi, shi ne zai zana kowane mataki na motsin. Mai sauti yana haɗa kiɗa da ƙarar abubuwa kamar taku, duka ko faɗuwa. Tsara wasan kansa, wato yanke shawarar abin da zai sa ya yi daɗi, yakan zama aikin kowa a ƙaramar ƙungiya, kuma a nan ne saɓani ya fi tasowa.

Nauyin aikin biyu ba iri ɗaya yake ƙaruwa ba. Idan mai manhaja ya rubuta umarnin tafiya sau ɗaya, zai yi wa duk mutanen da ke cikin wasan aiki. Mai zane kuwa sai ya zana kowa daban. Misali, idan tafiyar mutum ɗaya tana buƙatar hoto 8, kuma yana iya fuskantar gabas, yamma, kudu da arewa, hotuna 32 ke nan. Mutum goma za su ci hotuna 320, ba a zo maganar gudu, tsalle ko faɗa ba. Wannan lissafi ne ya sa ƙarin da mai manhaja ke gani ƙarami yakan zama aikin makonni a wurin mai zane.

Yadda aikin ke tafiya

Hanyar da aka fi yabawa ita ce mai manhaja ya fara gina samfurin gwaji da akwatuna da da'irori a madadin hotuna. Idan wasan ya yi daɗi a haka, sai a nemi mai zane. Wannan yana nuna masa cewa aikin na gaske ne, kuma yana hana a zana abin da za a watsar daga baya. Wasan Braid misali ne: Jonathan Blow ya ci lambar yabo da samfurinsa a 2006 tun zanen bai kammala ba, sannan David Hellman ya zana masa hotunan da aka fito da su a 2008.

Bayan samfuri, sai a rubuta jerin duk hotunan da ake buƙata, da girman kowanne, da nau'in fayil ɗin da za a ajiye shi. A wasannin da ba su da zurfi, wato masu tsawo da faɗi kawai, an fi amfani da PNG domin yana barin bayan hoto a wofi. Mai zane yakan fara da hoto ɗaya ko biyu da za su zama ma'auni na launi da salo. Sai an sa su cikin wasan an ga yadda suka zauna a fuskar waya kafin a ci gaba da sauran. Ƙungiyoyi da yawa suna zaɓar zanen ɗigo-ɗigo irin na tsofaffin wasanni, saboda ƙananan hotuna sun fi saurin zanawa, kuma ba sa cika ƙwaƙwalwar waya.

Inda ake haɗuwa

Babbar mahaɗar masu manhaja da masu zane ita ce gasar ƙirƙirar wasa cikin 'yan kwanaki. Tsarinta ya yi kama da aikin gayya: a taru, a ba da jigo guda, kowa ya kawo abin da ya iya, a tashi da abu kammalalle. Gasar Ludum Dare ta fara a 2002, kuma manyan rukunanta biyu ne: na mutum ɗaya mai awa 48, da na ƙungiya mai awa 72. Global Game Jam ta fara a 2009, ana yin ta a watan Janairu a cibiyoyi da dama na duniya a lokaci guda, ciki har da ƙasashen Afirka. Shafin itch.io, wanda aka buɗe a 2013, yana ɗaukar irin waɗannan gasa a duk tsawon shekara, kuma ana shiga daga gida.

Amfanin gasar shi ne mutum zai gwada abokin aiki na kwana biyu ko uku kafin ya ɗaura wa kansa alƙawarin shekara. Wasu sanannun wasanni daga nan suka faro. Ari Gibson da William Pellen na ƙasar Ostireliya sun yi wani ƙaramin wasa a gasar Ludum Dare ta 2013, wanda ya zama tushen Hollow Knight na 2017. Maddy Thorson da Noel Berry sun yi samfurin Celeste cikin kwana huɗu a 2015, sannan masu zane daga Barazil da mai kiɗa Lena Raine suka shigo, aka fitar da cikakken wasan a 2018.

Kayan aiki

Yawancin kayan da ake buƙata kyauta ne. Injin wasa shi ne manhajar da ke haɗa umarni, hoto da sauti wuri guda. Godot, wanda Juan Linietsky da Ariel Manzur na Ajantina suka ƙirƙira, an sake shi kyauta ga kowa a 2014. Unity, wanda ya fito a 2005, yana da tsarin kyauta ga masu ƙaramin ƙarfi. GDevelop da Scratch suna ba mai koyo damar haɗa wasa ba tare da rubuta dogon umarni ba. Masu zane suna amfani da Krita da GIMP, sai Blender ga siffofi masu zurfi. Ga wanda bai sami mai zane ba tukuna, shafuka kamar OpenGameArt suna da hotuna da sautuka da masu su suka ba da izinin amfani da su.

Kuɗi da haƙƙin mallaka

Hanyoyin haɗin gwiwa uku ne suka fi yawa. Ta farko, kowa ya yi kyauta, a saki wasan kyauta, ribar kowa ita ce ƙwarewa da abin nunawa idan ya je neman aiki. Ta biyu, mai wasan ya biya mai zane kuɗin kowane hoto ko kowane rukunin aiki. Ta uku, a yi alƙawarin raba riba idan wasan ya sayu. Ƙwararrun masu zane da yawa suna ɗari-ɗari da ta ukun, domin wasannin sha'awa da dama ba sa kai wa ga kammaluwa, kuma wanda bai fito ba babu ribar da za a raba.

Ko wasan ya fito, akwai kuɗin da ake cirewa. Kasuwar Steam tana karɓar dala 100 kan kowane wasa da za a ɗora, tana kuma ɗaukar kashi 30 cikin 100 na ciniki. Google Play yana karɓar dala 25 sau ɗaya don rajistar mai ɗora manhaja. Shafin itch.io yana barin mai wasa ya zaɓi kason da zai ba shi.

A doka, hoto mallakar wanda ya zana shi ne tun daga lokacin da ya zana, sai dai idan yarjejeniya ta ce akasin haka. A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare zane da kiɗa da manhajar kwamfuta, kuma ta tanadi cewa miƙa haƙƙi ga wani sai a rubuce. Don haka idan mai zane ya fice ba tare da takarda ba, sauran na iya rasa ikon sayar da wasan da hotunansa. Takaitacciyar yarjejeniya takan bayyana kason kowa, yadda za a rubuta sunayen masu aikin, da makomar hotuna idan wani ya janye ko aikin ya tsaya. Hotunan kyauta ma suna da sharaɗi: lasisin CC0 bai buƙaci komai ba, CC BY kuwa ya wajabta ambaton sunan mai zanen.

A Afirka

Wasu kamfanonin wasanni na Afirka sun tsiro ne daga irin wannan haɗuwa. Eyram Tawia na Gana da Wesley Kirinya na Kenya sun kafa Leti Arts a 2009, suna yin wasanni da littattafan zane a kan jaruman tatsuniyoyin Afirka kamar Ananse, takwaran Gizo a wurin Akan. A Kamaru, Olivier Madiba ya fara Aurion a matsayin aikin sha'awa shekaru kafin ya tara masu zane da masu manhaja a kamfanin Kiro'o Games da ke Yawunde, aka fitar da wasan a 2016. A Legas, Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a 2012, kuma a 2021 kamfanin ya fara shirin GameUp Africa don horar da matasa. A Yamai ta Jamhuriyar Nijar, Mahaman Sani Housseyni Issa ya fitar da Les Héros du Sahel, wanda kafafen yaɗa labarai suka gabatar a matsayin wasan bidiyo na farko da aka yi a ƙasar.

A ƙasar Hausa

Sassan da wannan aiki ke buƙata suna nan a arewacin Najeriya, sai dai a warwatse. Jami'ar Bayero ta Kano tana koyar da ilimin kwamfuta. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da tsohon sashen koyar da zane, wanda ya samo asali daga kwalejin da ɗalibanta suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Masana'antar Kannywood kuma ta samar da ɗakunan haɗa kiɗa da masu ɗaukar murya. Da yake fayilolin ƙaramin wasa ba su da nauyi, ɗalibi a Garo ta ƙaramar hukumar Kabo, ko a Gwarzo, zai iya aiki da mai zane a Zariya ta WhatsApp ko Telegram ba tare da sun haɗu ba. Manyan cikas su ne rashin tsayayyar wutar lantarki, tsadar data da kwamfuta, da wahalar biyan kuɗin rajista da dala.

Wasannin gargajiya suna nuna yadda zaɓin jigo ke ƙayyade nauyin mai zane. Dara, mai ramuka 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, tana buƙatar hotuna kaɗan, nauyinta yana kan mai manhaja da zai koya wa na'ura dabarun jera uku. Dambe kuwa yana buƙatar zanen tsayuwa, kai naushi, kaucewa da faɗuwa ga kowane ɗan dambe, ga 'yan kallo da makaɗa. Saboda haka dara ta fi dacewa da aikin farko na mutum biyu. Wajen ado, akwai dagin arewa, aska takwas ta babbar riga, zanen bangon gidajen Kano da Zariya, zayyanar allo da zanen lalle. Waɗannan siffofi suna ba wasa kamannin gida, kuma suna buɗe ƙofa ga masu zanen da ke guje wa zana abu mai rai saboda fahimtarsu ta addini.