MOTOCIN TURAI A ZAFIN MARAƊI: Batun kewaye tiyon ruwan gidan totur

Duk wanda ya saba bin hanyoyin birji da suka ratsa ƙasar Sae Sabuwa, cikin gundumar Gidan Rumji, a watan Afirilu ko na Mayu, ya san irin wannan tsayuwa: mota a gindin gawo, an ɗaga murfin inji, tururi na tashi, fasinjoji sun watsu cikin inuwa, karen mota kuma ya saɓa jarka ya nufi rijiya mafi kusa. In an bincika, sau da yawa ba wani babban ƙarfe ne ya karye ba. Wani ɗan tiyo ne da kaurinsa bai wuce na ƙaramin yatsa ba ya tsage, ruwan inji ya yi ta ɗiga tun daga tashar Maraɗi ba wanda ya lura, har inji ya ɗauki zafi. Ga ɗan kasuwar da ya yi lodin wake ko gujiya yana son ya cim ma kasuwa, wannan ɗan tiyo ya isa ya cinye masa ribar mako.

Tiyon da ake magana a kai ɗaya ne daga cikin guda biyu da ke kai ruwan zafi ga gidan totur su kuma fitar da shi. Masu motoci da dama sun ɗauki al'adar zare su daga jikin gidan totur su haɗa bakunansu wuri guda, ruwa ya wuce ta waje. Aiki ne na ƴan mintoci, wanda mutum ke iya yi a ƙofar gidansa da filaya da sukudireba. Wasu suna yinsa don tsayar da yoyo, wasu kuma, musamman samarin direbobi masu kallon bidiyon gyaran mota na Amurka a wayoyinsu, sun yarda cewa dabara ce ta ƙara wa inji ƙarfi. Dalilan biyu ba nauyinsu ɗaya ba.

Yadda motocin suka zo

Dattawan direbobin jihar Maraɗi sun yi ƙuruciyarsu ne a kan Peugeot 404 da 504, waɗanda masana'antar Kaduna ta soma harhaɗawa tun 1975, kayan gyaransu kuma suna shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa ba wahala. Motoci ne masu kafireto, waɗanda kowane makanike ya san cikinsu kamar yunwar cikinsa. Abubuwa biyu suka sauya wannan zamani. A Turai, dokar rage hayaƙi ta 1992 da 1993 ta tilasta wa masu ƙera motoci barin kafireto su koma ga injekta. A nan gida kuma, ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, a lokacin da ma'aikatan gwamnati ke bin bashin albashi na watanni. Sabuwar mota ta gagari kowa sai ƙalilan. Kasuwa ta koma ga tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, su hauro ta Gaya, su bi gudoron da ya taso daga Yamai ya ratsa Gidan Rumji, Maraɗi, Agye da Gazawa ya nufi Damagaram. Ta haka Toyota Corolla, Starlet, Carina da ƙannensu suka cika tashoshi.

Abin lura shi ne an ƙera waɗannan motoci ne don sanyin Beljiyam, Jamus da Holan. Kowane sashe nasu an tsara shi da tunanin safiyar da ƙanƙara ke kwana bisa gilashi. Tiyon gidan totur yana cikin wannan lissafi.

Me ruwan ke yi a wurin

Gidan totur, wanda makanikan da suka koyi aiki a Yamai ke kira papiyo, na Katsina da Kano kuma su ce bakin injekta, shi ne maƙogwaron inji. Bututu ne gajere na alminiyam, a cikinsa akwai wani faifai da ke juyawa. In direba ya taka totur, faifan ya buɗe, iska ta shiga da yawa. In ya ɗaga ƙafa, faifan ya rufe, sai ƴar kafa. Iskar da ta kutsa ta ƴar wannan kafa tana faɗaɗa nan take, kuma duk iskar da ta faɗaɗa haka sanyinta na ƙaruwa. A ƙasar da ake sanyi da raɓa tare, laimar da ke cikin iska tana iya daskarewa a bakin faifan ta zama ƙanƙara. Sai inji ya riƙa mutuwa a mararraba, ko kuma, abin da ya fi muni, faifan ya maƙale a buɗe mota ta ƙi rage gudu. Don kauce wa wannan ne injiniyoyi suka ratsa ɗan hanyar ruwa ta jikin gidan totur, ruwan inji mai zafin digiri 80 zuwa 90 ya riƙa ɗumama shi.

A nan masu kewaye tiyon suna da gaskiya, kuma ya kamata a ba su ita. Ƙanƙarar gidan totur na bukatar sanyi mai tsanani da laima a lokaci guda, alhali a ƙasar Maraɗi abubuwan biyu ba sa haɗuwa. Cikin hunturu, a Disamba da Janairu, dare na yin sanyi har mutane su kwana kusa da wuta, amma iskar busasshiya ce ƙayau, mai fasa leɓe da dunduniya. Cikin Agusta, lokacin da laima ta cika ko'ina, babu sanyin. Motar da rayuwarta duka tsakanin Sae Sabuwa, Tibiri da Maraɗi take, ba za ta taɓa ganin ƙanƙara a maƙogwaronta ba.

Zancen ƙarin ƙarfi

Inda magana ta yi rauni shi ne alƙawarin ƙarfi. Tushen hujjar daidai yake: iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, inji kuma da iska yake ƙona isansi, saboda haka in iska ta shiga da sanyi wuta ta fi ci. To amma lissafin ƙarami ne. Sai an rage zafin iska da kamar digiri 3 kafin nauyinta ya ƙaru da kashi 1 cikin 100. Injin da ke da ƙarfin doki 100 zai sami doki guda ke nan, abin da ba direban da ƙafarsa za ta iya ji.

Ko digiri ukun ma ba tabbas ba ne. Injin lita 1,6 da ke juyawa sau 3000 a minti, totur a buɗe, yana zuƙar iska kusan lita 40 a kowace daƙiƙa. Wannan iska tana ratsa gidan totur, wanda tsawonsa ƴan santimita ne, cikin ƙiftawar ido. Ba ta zauna ba balle ta ɗauki zafin bango. Daga nan kuma ta faɗa cikin bututan da ke ɗaure a jikin kan inji, waɗanda da ruwa ko ba ruwa zafi suke kamar tukunyar tuwo. A ranar da zafin waje ya haura digiri 40, kamar yadda aka saba a bazarar Maraɗi, ƙarƙashin murfin inji tanderu ne, kuma gidan totur zai ɗauki zafinsa daga maƙwabta. Wanda ke jin motarsa ta ƙara kuzari bayan aikin, galibi a ranar ne ya wanke baƙin dattin da ya daskare a bakin faifan, tun da ya riga ya kwance wurin. Wankin ne ya yi aiki. Haka nan sabuwar matatar iska a ƙarshen hunturu, bayan ƙura ta toshe tsohuwar, ta fi wannan dabara amfani nesa ba kusa ba, balle a ce an rage buhu biyar daga lodin da ya fi ƙarfin mota.

Inda ake asara

Ba a kowace mota ne ruwan yake ɗumama ƙarfe kaɗai ba. A motoci da yawa na ƙarshen shekarun 1980 da na 1990, irin Honda Civic da Accord da wasu Toyota, akwai wani bawul a jikin gidan totur mai ɗauke da wani irin kaki ko ƙarfe mai lanƙwashewa da zafi. Da safe, inji na sanyi, bawul ɗin a buɗe yake, yana ba da ƙarin iska don silo, wato ralanti, ya hau. In ruwan zafi ya iso gare shi, kakin ya kumbura ya rufe hanyar, silo ya sauka daidai. Ta bakin ruwan ne kawai wannan bawul ke samun labarin cewa inji ya yi zafi. Wanda ya yanke masa ruwa ya bar shi cikin safiyar da ba ta ƙarewa: silo ya tsaya sama, ko ya riƙa hawa da sauka kamar numfashin mai asma, mota na shan mai tana tsaye.

Abin da kan biyo baya ya fi ɓarnar farko. Mai mota ya kai ta gareji, yaron makanike ya murɗa kusar silo don ya danne ƙarar, washegari da asuba inji ya ƙi tsayawa a kunne, a sake murɗawa, a zargi fulogi, a zargi injekta, a sayi kayan da ba su da laifi. Mai kuwa ba abin wasa ba ne yanzu. Ko da yake matatar SORAZ ta Damagaram na aiki tun 2011, ƙauyukan jihar Maraɗi sun daɗe suna dogaro da kwalaben ƴan ruwa-ruwa, kuma arahar wannan mai ta kau tun da Najeriya ta janye tallafi a watan Mayun 2023. Ma'aikacin da ke auna litarsa da albashinsa, ko ɗan kasuwar da motarsa ke wuni a kunne a bakin kasuwa, shi zai biya kuɗin silon da ya ƙi sauka.

Motocin da suka zo daga baya, waɗanda lantarki ke juya faifan totur ɗinsu, ba su da wannan bawul, kuma kewaye tiyon bai cika dagula musu silo ba. Saboda haka tambayar farko kafin a taɓa filaya ita ce wace irin mota ce.

In yoyo ya tilasta

Akwai halin da kewayewar ita ce hankali. Ƴan bututan ƙarfen da tiyon ke shiga a jikin gidan totur su ne na farko da tsatsa ke ci, kuma in sun huje ba a cika samun gyaransu ba sai an sayi gidan totur ɗungurungum. Kayan gyara kuwa sun ƙara tsada tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Direban da ya tsaya a daji tsakanin ƙauyuka biyu ba shi da wani zaɓi.

Sai dai a yi aikin da tsari. Ana jira inji ya huce sarai, domin ruwan lagireto a matse yake, zafinsa na iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, kuma da an buɗe murfi ko an zare tiyo sai ya yi tsiri ya ƙona fuska da hannu. Ana haɗa tiyon biyu da guntun bututun ƙarfe daidai girmansu, wanda a motoci da yawa kamar milimita 8 ne, a ɗaure kowane gefe da maɗaurin ƙarfe mai kusa. Waya ko robar tayar keke na iya kai mota gari, amma ba su wuce nan ba. Abin da bai kamata ba shi ne toshe bakunan da ƙusa ko guntun icce, kamar yadda ake gani a wasu motocin haya: a injuna da dama wannan ƴar hanya na cikin hanyoyin da ruwa ke zagayawa da kuma fitar da iska, toshiyar kuma kan yi tsalle ta fita daidai lokacin da inji ya fi zafi. Bayan an haɗa, a cika ruwa, a bar inji a kunne har iskar da ta shiga ta fita, a sake dubawa in ya huce. Ruwan kwalba mai launin kore ko ja da ya zuba ƙasa a rufe shi da yashi, domin zaƙi gare shi kuma guba ne ga yara da awaki.

Babban ɗan'uwan wannan al'ada

Tsatsar da ke cin bututan ba daga sama ta faɗo ba. Ruwan rijiya da na famfo da ake ɗura wa lagireto ne ke kawo ta, tare da farin dutsen da ke toshe ƙananan hanyoyi. Mutane da yawa na ɗaukan ruwan kwalba a matsayin maganin ƙanƙara kawai, abin Turawa, alhali a cikinsa akwai maganin tsatsa, kuma yana ɗaga matakin tafasa.

Da wannan tunanin ne ake cire tamosta, wadda masu Faransanci ke kira kalosta, da zarar mota ta sauka daga Turai, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga kunna makulli. Wannan ya fi batun gidan totur girma ƙwarai. Tamosta ce ke riƙe ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, wanda a Toyota da yawa yake farawa daga digiri 82. In babu ita, da safiyar hunturu ko a doguwar tafiyar dare inji ba ya kai wannan zafi, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu sanyi ake, ta ci gaba da zuba mai fiye da kima, man ya wanke baƙin mai daga bangon silinda, zobba su cinye da wuri. A wasu injunan ma, tamosta ce ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ba tare da ya shiga lagireto ba. In an cire ta, wani kaso na ruwan ya riƙa kewaya cikin inji bai huce ba, zafin da ake gudu ya zo ta ƙofar baya, gaskit ya ƙone.

Mai shirin sayen mota a hannun dillalan Maraɗi yana iya karanta tarihinta a waɗannan wurare kafin a yi ciniki. Ya dubi gidan totur ko bututansa biyu na tsaye tsirara, ya buɗe murfin lagireto inji na sanyi ya ga launin ruwan, sa'an nan ya murɗa makulli ya saurara ko fanka ta tashi tun inji bai yi ɗumi ba.