Wasan sayar da ƙwaya a kwamfuta: Abin da ya kamata iyaye su sani

Iyaye da yawa a Lafiya suna samun kwanciyar hankali idan yaro yana ɗaki riƙe da waya ko kwamfuta, tunda dai ba ya yawon majalisa. Amma akwai wani nau'in wasa da ya karɓu a 'yan shekarun nan wanda ya kamata mu san abin da ke cikinsa. A wasan, abokai ne ke haɗuwa ta intanet su kafa kasuwanci tare, sai dai hajarsu miyagun ƙwayoyi ce.

Wanda ya fi tashe shi ne Schedule I, da wani ɗan ƙasar Ostireliya ya fitar a dandalin Steam a watan Maris na 2025. Sunan kansa daga dokar Amurka ta 1970 aka ɗauko shi, inda rukunin farko ya ƙunshi ƙwayoyin da dokar ke ganin ba su da amfani a asibiti, kuma suna saurin kama mutum. Mutum huɗu na iya bugawa tare: wani ya shuka wiwi, wani ya haɗa, wani ya kai wa masu saye, wani ya ɓatar da sawun kuɗin ta shagon wanki. Kafin shi akwai Drug Dealer Simulator na 2020, sannan GTA Online ma yana da irin wannan harka. Yaron da ba shi da kwamfuta kuwa yana kallon masu bugawa a YouTube da TikTok.

Wasa shi kaɗai ba ya mayar da yaro dillalin ƙwaya, kuma miliyoyin manya suna bugawa su tashi lafiya. Damuwata a matsayin mai harhaɗa magunguna ita ce darussa biyu da ke ciki. Na farko, ana jawo sabon mai saye ne da ɗanɗano kyauta, kuma gwargwadon yadda ƙwayar ta kama shi, gwargwadon yadda ciniki ke ƙaruwa. Na biyu, ana cakuɗa kayan da farasitamol, maganin mura, lemon ƙara kuzari, har da fetur, don farashi ya tashi. A allo, wanda ya sha sai dai ya sauya kama a yi dariya. A zahiri, babba ma bai kamata ya wuce giram 4 na farasitamol a yini ba, domin wucewa na lalata hanta, sau da yawa ba tare da alama mai tsanani a ranar farko ba. Tramadol mai yawa na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Haɗa kodin da maganin barci irin diazepam kuwa na iya tsayar da numfashi.

Abin da ya sa maganar ta shafe mu shi ne kusanci. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. Yaron da ya saba da yaren dillanci a wasa, idan ya ji shi a bakin wani a lungu, ba zai zame masa baƙo ba.

To, mene ne abin yi? Ƙwace waya cikin fushi ba ya hana komai, sai dai yaro ya koma gidan aboki. Zauna kusa da shi, ka ce ya nuna maka wasan, ka tambaye shi su waye abokan bugawarsa, domin wasannin haɗin gwiwa na haɗa yara hira da baƙin da ba a san su ba. A duba alamar shekaru: lamba 18 ko harafin M na nufin wasan manya ne. Steam da PlayStation duk suna da wurin da iyaye ke kulle irin waɗannan. Uwargida kuma ta adana magungunan gida a akwati mai makulli, ta san adadin abin da ke ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, kuma hakan ya fara aiki a 2022. Alamarta ita ce wasa ya danne barci, karatu da zumunci, yaro ya kasa bari duk da illar da yake gani, yawanci har tsawon wata 12. Idan aka ga haka, ko aka ga magani na ɓacewa a gida, a je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibiti, ko a tuntuɓi masu ba da shawara na hukumar NDLEA. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuri'a.