DmC: Devil May Cry da ra'ayoyin masoya

DmC: Devil May Cry wasan bidiyo ne na faɗa wanda kamfanin Ninja Theory na birnin Kambirij a Ingila ya ƙirƙira, kamfanin Capcom na Japan ya fitar da shi a watan Janairun 2013. An yi shi ne domin sake gina labarin Devil May Cry daga tushe. Jerin wasannin na asali ya fara a shekarar 2001 a kan PlayStation 2 ƙarƙashin jagorancin Hideki Kamiya, kuma ya kai kashi na huɗu a 2008.

Sauya kamannin Dante

Taƙaddama ta fara tun ranar da aka nuna tallan wasan a bikin Tokyo Game Show na 2010. Dante da aka sani mai farin gashi ne da doguwar jar riga, mai barkwanci ko a tsakiyar faɗa. Sabon Dante kuwa siririn matashi ne mai gajeren baƙin gashi da ɗanyen baki. An kuma sauya asalinsa: a wasannin farko mahaifiyarsa Eva mutum ce, a sabon kuma mala'ika ce. Fushin wasu ya kai ga aika wa ma'aikatan Ninja Theory barazanar kisa. Wani wuri a farkon wasan, inda farin gashin kanti ya faɗo kan Dante ya cire shi da raini, ya ƙara rura wutar, domin da yawa sun ɗauke shi habaici ne gare su.

Salon faɗa

Tsofaffin 'yan wasa sun fi nauyaya kokensu a kan faɗan, ba gashi ba. Wasannin farko suna tafiya da hoto 60 a daƙiƙa ɗaya, amma DmC a kan PlayStation 3 da Xbox 360 ya tsaya a 30, abin da ke rage saurin amsa maɓalli. An cire maɓallin da ɗan wasa ke zaɓar abokin gaba ya tsaya a kansa. Akwai kuma dodanni masu launin ja ko shuɗi waɗanda makami iri ɗaya kawai ke yi musu illa, alhali daɗin jerin yana cikin cuɗanya makamai yadda mutum ya ga dama. Samun maki mafi girma na SSS ma ya yi sauƙi.

Masu kare wasan sun yaba yadda birnin Limbo ke murɗewa yana rushewa a gaban ɗan wasa, da sauƙin sauya makami ba tare da tsayawa ba, da kiɗan Noisia da Combichrist. Masu sharhi na jaridun wasanni galibi sun ba shi maki mai kyau, sai dai cinikinsa bai kai abin da Capcom ya yi hasashe da farko ba.

Bayan fitowa

A watan Maris na 2015 an fitar da Definitive Edition a kan PlayStation 4 da Xbox One, wanda ya dawo da hoto 60 da maɓallin zaɓar abokin gaba, ya kuma sassauta dokar launi. Wannan ya sa wasu da suka ƙi wasan da farko suka sauya ra'ayi a kan faɗansa, ko da yake labarin bai samu irin wannan afuwa ba. Capcom bai yi masa kashi na biyu ba. A 2019 kamfanin ya koma ga Dante na asali da Devil May Cry 5, wanda Hideaki Itsuno ya jagoranta.