Baƙon Kifi Ba A Haɗa Shi Da 'Yan Gida Ran Da Ya Iso

A wannan mako za mu tattauna ne a kan kiwon tarwaɗa, sana'ar da ta shigo gidajenmu ta zauna daram tare da kiwon kaji da na tumaki. Yanzu a Kano da Zariya da Kaduna ba abin mamaki ba ne ki shiga gida ki tarar da tankin roba ko na tamfol a bayan ɗaki, uwargida ta kwashi adashi ta zuba 'ya'yan kifi ɗari biyar ko dubu. Sana'a ce mai kyau ga matar da ke cikin kulle, domin ba ta bukatar fita, kuma tarwaɗa kifi ne mai juriya. Allah Ya yi masa wata halitta a cikin kai wadda yake shaƙar iska da ita kai tsaye, shi ya sa yake daɗewa a ruwan da karfasa ba za ta kwana a ciki ba.

To, amma wannan juriyar ita ce take yaudarar mutane. Sai mace ta ga kifinta ya yi wata guda lafiya lau, ta ji labarin wani mai sayar da 'ya'yan kifi da araha, ta aika a sayo mata ɗari biyu, a juye su cikin tanki ɗaya har da ruwan da suka zo da shi. Bayan kwana goma a fara tsintar gawa kowace safiya, yau biyar, gobe ashirin. Daga nan sai zargi ya tashi, wata ta ce baki ne, wata ta ce kishiya. Alhali kuwa cutar da kuɗinta ta sayo ta, a cikin jarka aka kawo mata ita har gida.

Ai mun san irin wannan a kiwon kaji. Duk tsohuwar da ta san abin da take yi ba ta sakin kazar kasuwa cikin nata, musamman da hunturu, sai ta kife ta a akurki daban ta ga kamun ludayinta. Haka kuma yaron da ya yi wasa da mai ƙyanda yakan yi kwana goma ko fiye yana guje-guje kafin zazzaɓi ya bayyana. Kifi ma haka yake. Zai iya zuwa da cuta a jikinsa ba alamar kome, sai wahalar tafiya da canjin ruwa su raunana shi, sa'an nan ta fito fili.

Waɗanda suka fi kowa tsanantawa a kan wannan al'amari su ne masu ajiye kifin teku don ado, a Ingila da Amurka da Jamus da Japan. Tun shekarar 1853 aka buɗe ɗakin nuna kifaye a gidan namun daji na birnin Landan, yau kuwa har a falon mutane akan ga akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da kifaye masu launi kamar atamfa, da murjani mai rai. Murjanin nan, ko da yake kama yake da dutse ko itace, dabba ne. Nan ne wahalar take. Maganin da ya fi kashe ƙwayar farin ɗigo ta kifin teku yana ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, shi kuwa jan ƙarfe guba ne ga murjani da jatan lande da dodon koɗi. Watau idan cuta ta shiga babban akwati ba dama a zuba magani a ciki. Tilas a kwashe kifayen duka a kai su wani akwati a yi musu magani, a bar babban ba kifi ko ɗaya har ƙwayar ta mutu don rashin wanda za ta kama. Masana sun ga ƙwayar nan ta yi kwana 72 a kwance cikin kwansonta kafin ta fashe, saboda haka da yawa daga cikin masu wannan kiwo sukan bar akwatin kwana 76. Wata biyu da rabi ke nan mutum yana kallon ruwa da duwatsu! Don gudun wannan ne duk sabon kifin da suka saya sai ya yi mako huɗu zuwa shida a ƙaramin akwati shi kaɗai, da ragarsa daban da bokitinsa daban.

Dabarar ma ba daga kifi ta faro ba. A shekarar 1377 hukumar birnin Ragusa, wanda yanzu ake kira Dubrobnik a ƙasar Kuroshiya, ta kafa doka cewa matafiyan da suka fito daga wurin annoba su yi kwana 30 a keɓe kafin su shiga gari. Daga baya aka mai da shi kwana 40, kuma daga kalmar arba'in ta Italiyanci Turawa suka samo sunan da suke kiran killacewa da shi. Mu ma dai mun ɗanɗana a 2020 lokacin korona.

Tarwaɗa tana da tata cutar farin ɗigon, ta ruwan daɗi, kuma yana da kyau uwargida ta san yadda take rayuwa, domin nan ne asirin maganinta yake. Ɗigon da kike gani kamar an barbaɗa gishiri a jikin kifi wata 'yar halitta ce da ta shige ƙarƙashin fata tana ci. Muddin tana nan, magani ba ya isa gare ta. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan tanki, ta yi wa kanta kwanso, ta rarrabu ta zama ɗaruruwa, sa'an nan su fashe su bazu cikin ruwa suna neman kifi. Wadda ba ta sami kifi ba cikin kamar kwana biyu sai ta mutu. A wannan ɗan tsakanin ne kawai magani yake cin su. Da zafi duk zagayen ba ya wuce mako guda, da sanyi kuwa yakan ja. Shi ya sa za ki ji mace ta ce ɗigon ya ɓace, kifi ya warke, ta daina magani, bayan kwana huɗu ya dawo ya ninka. Bai warke ba, sauka suka yi su hayayyafa.

Yanzu yaya za ki yi da baƙin kifinki? Kafin su iso ki tanadi wani mazubi daban, ko rabin duro ne ko babban baho, nesa da tankin gida yadda ruwan wannan ba zai fantsama cikin wancan ba. Ki cika shi tun jiya. In ruwan famfo ne ki bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu don maganin da ake zuba masa ya fice. Ki roƙi mai sayarwa kada ya ba su abinci kwana guda kafin tafiya, don kada su ɓata ruwan jarka da kashi, kuma a ɗauko su da sassafe ko da yamma liƙis. Da sun iso kada ki juye su gaba ɗaya. Ki riƙa ɗibar ruwan baho kaɗan-kaɗan kina ƙarawa a jarkar har kamar rabin sa'a, don jikinsu ya saba, sa'an nan ki tsame su da raga ki sa a baho. Ruwan jarkar kuwa a zubar da shi can nesa. Ranar farko ba abinci.

Za su zauna nan mako biyu zuwa uku, da hunturu ki cika huɗu. Ragarsu da bokitinsu nasu ne su kaɗai. Kullum ki fara sallamar kifin gida tukuna, baƙi su zo ƙarshe, sa'an nan ki wanke hannu da sabulu ki ɗauraye sosai. Wannan shi ne wurin da aka fi yin sakaci. Sai a keɓe kifi da kyau, amma a aiki yaro ya ɗauki raga ɗaya ya tsoma nan ya tsoma can, an yi ba a yi ba ke nan.

Ko da sun cika kwanakinsu lafiya, kada ki haɗa su da waɗanda suka fi su girma. Tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta, kuma cikin kowane zubi akan sami 'yan ƙalilan da suke yin girman wuce sa'a su riƙa haɗiye na baya. Idan lissafinki yana raguwa amma ba ki ganin gawa, to, kada ki nemi cuta, ki nemi ƙato a cikinsu ki ware shi.

Gane marar lafiya kuwa aikin ido ne, kuma lokacin ba da abinci ya fi. Lafiyayyar tarwaɗa da kin watsa abinci za ta taso ruwa ya yi ta tafasa. Idan suka yi sanyi-sanyi, ko suka ƙi ci, wannan ita ce alamar farko, ko da yake da tsananin hunturu dama cinsu yakan ragu, domin sun fi son ruwa mai ɗumin awo 26 zuwa 30 a ma'aunin zafi. Ki lura da wanda ya ware kansa a lungu, da wanda ya tsaya tsaye a ruwa kai sama wutsiya ƙasa kamar an rataye shi, da wanda yake goga jikinsa a bangon tanki kamar mai ƙaiƙayi. Mai gogar jiki yawanci akwai ƙananan halittu da ke cizonsa, waɗanda ido ba ya gani. Idan gashin baki ya yi fari yana gutsurewa, ko fari ya kewaye baki da wutsiya, ko kika ga jan miki da kumburin ciki, ƙwayoyin bakteriya ne suka sami ƙofa. Abin da ya yi kama da auduga a kan rauni kuwa funfuna ce. Akwai kuma wata da ake ganin ƙashin kai ya tsage, wadda ake dangantawa da ƙarancin bitamin C a abinci, ita ba ta yaɗuwa, buhun abincin za ki bincika ko ya daɗe a ajiye. Ƙananan kifi kuma in aka cika musu abinci cikinsu yakan kumbura har ya fashe.

Idan kin sami wanda ya mutu yanzu-yanzu, ki ɗaga murfin gefen kansa ki dubi jan naman nan da yake numfashi da shi. Na lafiyayye ja ne wur. In ya koma ruwan ƙasa, dattin ruwa ya yi yawa. In ya yi fari fat ko yauƙi ya lulluɓe shi, akwai abin da ke cinsa. Gawar kuwa a binne ta. Kada a jefa wa sauran kifaye, kada a bar ta ta kwana a tanki su yayyaga.

A ganina, kafin a zargi kowace ƙwaya, a fara zargin ruwa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama guba mai ƙona wurin numfashinsa, kuma kifin da ke cikin irin wannan ruwa kowace cuta tana iya kayar da shi. Ki sunkuya ki sansana. In akwai wari, ko kumfa ta taru a sama, ki dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu, ki rage rabin ruwan ki zuba sabo. Kifi ba ya mutuwa don yunwar kwana biyu. Sau da yawa wannan kaɗai yakan tsai da mace-macen.

Bayan ruwa sai gishiri, gishirin miya na kicin ɗinki. Giram 3 a kowace lita, watau kamar babban cokali uku a shafe ga jarka mai lita 20, ko kilo 3 ga tanki mai lita 1,000. A narkar da shi a bokiti tukuna sa'an nan a zuba. Idan farin ɗigo ne a ci gaba har kwana goma ko da ya ɓace, kuma duk sa'ad da kika canja ruwa ki mayar da gishirin daidai ruwan da kika zubar. Abin sha'awa, masu kifin teku akasin haka suke yi. Nasu ruwan yana da gishiri wajen giram 35 a lita, saboda haka sai su tsoma kifin cikin ruwan daɗi na kamar minti biyar, tsutsotsin da ke manne da shi su saki. Hikimar ɗaya ce: ƙaramar halitta ba ta jure canjin ruwa farat ɗaya kamar yadda kifi yake jurewa.

Abin da ba na so shi ne ɗabi'ar ɓare kafso, ja da rawaya, a zazzage cikin tanki da an ga kifi ya yi lakwas. Maganin bakteriya ba ya kashe farin ɗigo, ba ya gyara ruɓaɓɓen ruwa, kuma yawan zuba shi barkatai yana sa ƙwayoyin su saba har ya daina aiki, ga kifi da mutum baki ɗaya. Ga shi kuma kifin nan cikin tukunyar wani zai ƙare. Akwai wani koren magani mai suna malakait girin da ƙasashe da yawa suka hana a sa wa kifin ci, don ana zargin yana jawo ciwon daji. In an kawo miki shi ki ce kin gode. Idan canjin ruwa da gishiri ba su tsai da mutuwa ba cikin kwana biyu ko uku, a ɗauki kifi biyu masu ciwo da ransu, da kwalbar ruwan tankin daban, a kai wa likitan dabbobi ko malamin gona na sashen kifi. Shi zai faɗi maganin, ya kuma faɗi kwanakin da za a jira bayan an gama kafin a sayar ko a ci. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Busa, jihar Neja, wadda ta faro a 1968 tare da madatsar Kainji, ga wadda take so ta zurfafa.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, ga aikinku. Ki ware littafin rubutu guda ki ja masa layi kamar rajistar aji: kwanan wata, abincin da aka ba da, ko sun cinye, nawa suka mutu, yaushe aka canja ruwa, daga wurin wa aka sayo. Minti biyar ya isa kafin ki tafi makaranta. Ran da aka je wurin likita, wannan littafi zai ba shi amsar da Inna ba za ta iya tunawa ba. Sai dai ki yi hankali da ƙayar gefen tarwaɗa, sukanta da zafi, kuma in kina da yanka a hannu kada ki tsoma shi a tanki. Ki kuma tabbata an rufe bahon da raga ko katako, don tarwaɗa tana tsalle, ƙannenki masu rarrafe kuma ba su san zurfin ruwa ba.

Idan an kwashe kifi an sayar, a wanke tanki da ruwan gishiri mai kauri, a bar shi ya bushe ƙayau a rana kwana uku ko huɗu, har da raga da bokiti da tiyo, kafin a sake sabon zubi.