Yadda Turawa Su Ke Koyon Duba Da Karta

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata irin karta da a ke kira tarot, wadda waɗansu ke duba da ita, kamar yadda masu bugun ƙasa ke zana yashi a ƙasar Hausa. Katinta 78 ne. Guda 56 sun kasu gida huɗu, watau kofuna, da takubba, da sanduna, da tsabar kuɗi. Kowane gida yana da ɗaya zuwa goma, sa'an nan sarki, da sarauniya, da barde, da bara. Sauran 22 su ne manya, kowanne da hotonsa da sunansa, kamar Wawa, da Rana, da Hasumiya, da Mutuwa.

To, asalinta ba na duba ba ne. Wajen shekarar 1440 aka fara yin ta a biranen Italiya, irin su Milan da Ferrara, don sarakuna su yi wasa. Gidajen nan huɗu kuwa daga kartar Musulmin Masar aka aro su. An yi shekara fiye da ɗari uku ana wasa da ita, sai a 1781 wani Bafaranshe, Court de Gébelin, ya rubuta cewa wai asirin malaman Fir'auna ne ke ɓoye cikin hotunan. Ba shi da hujja ko kaɗan, gama a sa'an nan babu mai iya karanta rubutun Masar ta dā, sai a 1822 aka gano kansa. Amma maganar ta yi wa mutane daɗi, masu duba suka rungume ta.

Sabon shiga yakan fara da kartar da aka buga a London a 1909, wadda Pamela Colman Smith ta zana bisa umurnin Arthur Waite. Dalili kuwa shi ne ta yi wa kowane kati hoto, har da ƙananan. Takubba uku, alal misali, zuciya ce an soke ta, ga ruwa na zuba. Ko yaro ya gani ya san baƙin ciki a ke nufi. Saboda haka masu koyarwa kan ce kada ɗalibi ya ɗora wa kansa hadda. Kowace safiya ya zari kati ɗaya, ya ƙura masa ido, ya rubuta abin da ya gani, sa'an nan ya buɗe littafi ya gwada.

In hannunsa ya faɗa, sai ya shimfiɗa kati uku a jere: na hagu abin da ya wuce, na tsakiya halin da a ke ciki, na dama abin da ke tafe. Nan ne aikin ya ke, domin dole ya ɗinke hoto uku su zama labari ɗaya da zai dace da mai tambaya. Kati na 13, watau Mutuwa, sun ce ba lalle mutuwa ba ce, ƙarshen wani al'amari ne da farkon wani. In kati ya fito kai a ƙasa kuma, fassara ta juya. Ka ga ke nan kowace fassara an yi mata faɗi, yadda da wuya mutum ya rasa inda za ta shafe shi. A ganina abin da ɗalibin ke ƙwarewa a kai shi ne sauraro da iya magana, ba sanin gaibu ba. Musulmi dai ya san hadisin da ya hana zuwa wurin mai duba.

A Faransa kuwa har yanzu ana wasan tarot ba tare da duba ba, galibi mutum huɗu, kowa a raba masa kati 18. Suna ma da ƙungiyar gasa tun 1973.